Zabuwar Inna

Ranar da kawunku Hamidu ya kwana uku a ƙasa, ina zaune cikin mata a tsakar gidansa, sai na jiyo muryarka, Abdu, ta bayan katanga. Kana gaya wa wani abokinka wai ka zo gaisuwa ne don idon mutane, mutumin da ya kori uwarka daga gidan ubanta bai ci hawayenka ba. Ban tanka maka ba, domin gidan makoki ba wurin gyaran zance ba ne. Amma maganar ta tsaya mini a ƙirji, har yau ba ta wuce ba. Ke ma Mariyama na san abin da ke ranki ke nan, sai dai ke bakinki yana da ƙofa. Shi ya sa na tattaro ɗan karatun da na samu a darasin manya, na zauna in rubuta muku shekarar da muka bar Dogon Dutsi. Kun san rabin labarin, kuma rabin labari ya fi rashinsa ɓarna. Ba wanda ya kore ni. Da ƙafata na fita, a kan zanen nan da ke rataye a bangon ɗakina.

Kun tashi kun gan shi, idonku ya saba da shi yadda ya saba da randa, ban taɓa ganin ɗayanku ya tsaya ya dube shi ba. Farin saƙi ne na hannu, tsawonsa ya fi ƙyauren ɗaki in an kwantar. Kakata Gomma ce ta fara shi. 'Yar garin Lugu ce, kuma ba zan ɓoye muku ba, 'yar bori ce har ta mutu, in an yi goge ba mai riƙe ta. Da aka kawo ta Dutsi ta tarar da bangon ɗakinta tsirara, ta ce ita ba ta kwana tana kallon laka. Ta kaɗa zarenta da kanta, ta kai wani zaren marina aka rina shi baƙi, wani ta jiƙa shi da karan dafi ya yi ja, ta ɗinka layin sama. Rumbuna ne a jere, kowane da irin hularsa, tsakaninsu zangarniyar hatsi a tsaye. Ku duba da kyau, akwai rumbu ɗaya da ya karkace kamar zai faɗi. Na kakanmu ne. Shi ya gina shi da hannunsa, bai iya ba, ita kuwa ta sa shi a bango don duk wadda ta shigo ta yi dariya. Da ta gama layinta ta bar sauran farin, ta ce na 'yarta ne. Haka abin ya zama al'adar ɗakinmu, uwa ta ɗinka nata, ta bar wa 'ya fili a ƙasa.

Layin tsakiya na Inna ne, kuma a kansa aka yi rigimar. Ga dutsen garinmu daga gefe, ga rijiya a gindinsa, ga zabuwa ta nufi rijiyar, 'ya'yanta na biye da ita. Inna ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ba ta kuma zana komai a kan farin kafin ta sa allura. Zama take yi a bakin ƙofa tana kallon zabin maƙwabta, yadda suke miƙa wuya, yadda suke tafiya kamar masu saurin zuwa kasuwa, sannan ta sunkuyar da kai. Ɗigon jikin zabuwar nan kowane ƙulli ne, da ɗai-ɗai ta yi su, in kun shafa za ku ji su a tafin hannu kamar tsabar gero. Matan unguwa in sun zo suna ko biki sai sun leƙa ɗakin. Akwai wata mai tsiya da ta taɓa ce mata:

"Ke Tabawa, yaushe kig ga zabuwa ta riƙe ɗiyanta? Ai kaza aka ba ƙwanta."

Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce:

"Tawa tana riƙo."

Mu biyar ta haifa, biyu suka koma tun suna goye. Idan kun ƙirga 'yan zabin za ku ga uku, ni da yayarmu da ta rasu a gidan aurenta, da Hamidu. Amma ku bari hantsi ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan zanen, za ku ga biyar. Waɗancan biyun da farin zare ta ɗinka su a kan farin, suna cikin layi, ba ta fitar da su ba. Na ƙarshe kuwa ja ne, ya ɗaga ƙafa ɗaya. Wata damina kurkunu ya kama Hamidu a ƙafa, yana ɗan yaro, ya yi watanni a kan tabarma ana naɗe tsutsar a tsinke. Don ya daina kuka Inna ta ba shi wata tsohuwar tiriko, wato rigar sanyi, ta Baba, ta ce ya warware mata ulun. Shi ya warware, shi ya zaɓi jan, ya ce shi ke nan a bayan layi yana ɗingishi. Duk baƙon da ya shigo sai ya ja shi da hannu ya nuna masa kansa a bango.

Shekarar da nake ba ku labari, ubanku ya riga ya rasu, na dawo gidanmu da ku biyu, ina jinyar Inna. Hamidu a lokacin ya zama ɗan kasuwa, yana zuwa Kamba da Sakkwato yana kawo kaya, ya buɗe kanti. Ya dawo da gemu da ɗangalallen wando, da karatu kuma, don kada ku ce gemun banza ne. Ya daina taba, ya daina yawon dare, ya riƙe salla yadda Baba ma bai riƙe ba. Inna ta yi murna da shi ƙwarai. Da ta rasu, gida ya koma hannunsa, ya shiga gyara. Ya ce ba za a yi sadakar arba'in ba, na ji zafi amma na bar masa. Ya fito da wata tsohuwar ƙwarya da ƙaho na Kaka Gomma daga bayan gado, ya kai su bayan gari, ban ce uffan ba, don ni ma tsoronsu nake ji. Ya kwance layun da ke bisa ƙofa, na taya shi. Ina tsammanin an gama, sai wata safiya ya yi sallama a ƙofar ɗakin Inna, inda nake kwana, ya ƙi shigowa.

"Yaya, zanen ga sai shi sauka."

"Shi sauka shi tahi ina?"

"Wuta."

Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna. Kun san ni, ba a taɓa yabona da sanyin baki ba. Na ce masa Inna ta tsufa tana salla a ƙarƙashin wannan zane, goshinta har ya yi baƙi, yanzu shi da ya fara salla shekaranjiya zai zo ya ce mini ɗakinta ba tsarki? Na ce ko jan ɗan zabon nan ne ya tsone masa ido, don yana tuna masa lokacin da yake zawo a tabarma? Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Ya bari sai da na ƙare, sannan ya yi magana.

"Yaya, kina ji awa ƙin Inna nika yi? Don ita nika yi. An karanta muna, wanda dut yay yi surar mai rai, ranar gobe za a ce mai shi hura mata rai. Ina kwana ina ganin Inna tsaye, an aje mata zabbin ga gabanta. Mi za ta ce? Ba ni iya barin su rataye tana cikin kabari."

Ga abin da nake so ku riƙe. Kawunku ba mugunta ta sa shi ba, tsoro ne, kuma tsoron don uwarsa ne. Na ga hawaye a gemunsa ranar. Sai dai ni ma don uwata nake yi. Inna ba ta bar hoto ko ɗaya ba, ta ƙi masu ɗaukar hoto duk rayuwarta. Zannuwanta an raba, ƙwaryarta ta fashe, muryarta kuwa tun a lokacin ta fara ɓace mini. Abin da ya rage wanda idonta ya gani, hannunta ya yi, shi ne wannan. Kuma na san zuciyar da ta ɗinka shi da ita. Ba ta yi don a bauta masa ba, ba ta yi don ta yi gasa da Mahalicci ba, 'ya'yanta ta jera a inda za ta riƙa ganinsu duka biyar. Na ce a raina Allahn da ya san wannan ba zai kunyata ta ba.

Maganar ta kai ga tsohon limamin unguwarmu, wanda ya yi wa Inna salla. Ya saurare mu, ya ce malamai sun saɓa a kan surar da ke jikin tufa. Ya ce wasu sun sauƙaƙa idan an maida abin shimfiɗa ana takawa. Na ce a gafarta malam, hannun uwata ba ya zama abin share ƙafa. Ya yi murmushi, ya ce to akwai wata hanya, idan aka cire kan sura ta zama kamar itace, ba sauran magana. Hamidu ya ce ya yarda da wannan. Ni ma na ce na yarda, don ina son zaman lafiya, kuma na ga gara zabuwa ba kai da toka.

Washegari da hantsi na sauke zanen, na shimfiɗa shi a tabarma a tsakar gida, na sayo sabuwar reza. Tun da nake ban taɓa juya bayansa ba, a bango na san shi. Da na juya don in ga inda zan sa rezar, sai na tsaya. Inna da ɗinkin sarƙa ta zagaye jikin kowane zabo, irin wanda kowace madauki take riƙe da ta gabanta. Mu in mun gama sura ɗaya sai mu ƙulle, mu yanke, mu fara wata. Ita ba ta yi haka ba. Baƙin zare ɗaya ne ta ɗauko tun daga bakin uwar, ya bi kanta, ya bi bayanta, ya fita ta wutsiya, ya nutse ta bayan farin, ya ɓullo a bakin na biye. Inda zaren ya ƙare mata sai ta ɗaura wani a bakinsa ta ci gaba. Ko fararen nan biyu bai tsallake su ba, ta bayansu ya ratsa, ɗinkinsu ya danne shi. Sauran launukan duk a jikinsa suka rataya. Na sa bakin allura na ɗaga madauki ɗaya a wuyan uwar, na ga yadda na kusa da ita suka motsa. Duk macen da ta taɓa riƙe allura ta san abin da wannan yake nufi. In na yanke a wuya, ba kai kaɗai zai tafi ba, layin ne zai bi hannuna har ƙafar ɗan jan.

Na aika aka kira Hamidu daga kanti, na nuna masa. Ya durƙusa ya duba, ya gane, don shi ma ɗan ɗakin ne. Ya miƙe ya ce:

"To a warware layin dut. A bar rumbunan Kaka, su ba su da rai."

Dariya ta kuɓuce mini, irin wadda ba ta da daɗi. Wato aikin 'yar bori ya tsira, na mai salla ne za a warware.

"Ba ni warware shi, Hamidu."

"Yaya, gidan ubanki na, ba ni ce miki ki hita. Amma zabbin ga ba su ƙara kwana cikin gidan ga da kawunansu."

"To inda sunka kwana, nan nika kwana."

Matarsa, baiwar Allah, ta biyo ni ɗaki tana kuka, ta ce in naɗe shi in sa a ƙasan akwati, in ce na ƙone, wa zai sani? Na ce mata Inna ba sata ta yi ba da zan ɓoye aikinta, kuma ban iya zama gida ɗaya da ƙanena ina cin tuwonsa da ƙarya a bakina. Zanen bango kuma in ya shiga akwati, asu da gara ne suka gaje shi. Mutane suka yi ta zuwa ba ni baki. Wasu suka ce taurin kai ne, mace mai marayu ta bar inuwa saboda tsumma. Wasu suka ce iskokin Kaka ne suka hau ni. Na bar su da bakinsu. Wata ƙawar Inna a Tibiri ta ce akwai ɗaki a gidanta, ranar kasuwa muka hau mota. Zanen a ƙuguna na ɗaura shi, ƙarƙashin zanena. Kai Abdu ka ce ka tuna kawunka yana jefa kayanmu a mota. Ba jefawa yake yi ba, ɗorawa yake yi, shi ya ɗaure su da igiya, shi ya sallami direba. Bai dube ni ba har muka tashi, ni ma ban dube shi ba, kuma na yi kuka tun daga tasha har muka wuce gonakin gari.

Yanzu sai abin da fitar ta ci, don ba zan yi muku kwalliya ba. Kai Abdu kana kolej a lokacin, kanka yana ja. Kawunka ya ce in bar ka a wurinsa ka ƙare. Kai ka ce ba ka zama, ni kuma ban tilasta ka ba, don zuciyata tana tafasa. Sauyin wuri da talauci suka haɗu, kana taya ni tallan kopto, kwaɗon zogale, da safe kafin ka tafi lakwal, jarrabawa ta zo ka faɗi, ka shiga gareji. Na san abokan karatunka wasu suna ofis a Yamai, na san kana tunawa duk ranar da ka wanke baƙin mai a hannunka. Wannan shi ne kuɗin zanen, kuma kai ka biya mafi yawa. In kana neman wanda za ka ɗora wa, ga ni, ni na zaɓa. Ina jin ciwonsa har gobe. Amma in aka maida ni tsakar gidan nan da reza a hannu, ajiye ta zan sake yi. Hatsin da kuka ci a shekarun nan kuwa, da nake ce muku rabona ne na gonar gado, rabona bai kai rabinsa ba. Kowace kaka amalanke kawunku yake turowa, ba saƙo, ba gaisuwa, ni ma in karɓa ba godiya. Haka muka yi ta yi, in mun haɗu a gidan rasuwa, ina kwana, lafiya lau, kowa ya kama gabansa.

A Tibiri allura ta riƙe mu. Na yi ta ɗinka wa amare zanen gado da rigar matashi, har aka san ƙofata. Wata madam da ke aiki da ƙungiyar mata ta taɓa shigowa, ta tsaya gaban zanen Inna har na gaji da tsayuwarta, ta ce irin wannan a Yamai bayan gilashi ake sa shi mutane su zo kallo. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, na ce mata wannan ba a gama shi ba tukuna. Na ɗinka nawa layin a ƙasan na Inna, motar kasuwa da kaya a bisa, da itatuwan zogale, da ƙofar ɗaki ɗaya. Ku lura, ba mai rai a ciki. Sau da yawa na ɗauki allura zan sa ko da tsuntsu, hannuna ya ƙi. Maganar Hamidu ta shige ni fiye da yadda na nuna masa.

Ana nan, ran nan sai ga kabu-kabu ya tsaya a ƙofa, wata budurwa ta sauko cikin dogon hijabi. Balkisa ce, 'yar Hamidu, wadda na bari tana rarrafe. An sa ranar aurenta. Ta gaishe ni, idonta na kan bango, ta matsa ta yi ta kallo.

"Gwaggo, wanga shi na? Tun ina ƙarama nika jin labarinai. To, ni dai irinai nika so ɗakina. Ƙawayena dut hulawar roba ta kanti sunka liƙa, ɗakin kowa awa na kowa."

"Ubanki shi sa mai wuta, ke kuma ki yi ta kuka."

"Shi as sa niz zo wurinki. Ke kin san shi, kin kuma san allura."

Yarinyar ta ɗaure ni da jijiyata. Na sayi farin, na ɗinka dutsen, na ɗinka rijiyar, na sa rumbunan Kaka har da karkataccen, sai tsakiya ta tsaya mini fayau, na rasa abin da zan sa. Wata safiya an kwana ana ruwa, na fito zan zubar da shara, zabin maƙwabta suka gifta ta gabana suka shige gona. Na duba ƙasa, ga sawunsu a kan damshin rairayi, yatsu uku-uku, a jere. Na bar sharar a wurin na koma ɗaki. Na ɗinka sawun uwa manya a gaba, na ɗinka ƙanana a baya, biyu da farin zare. Na ƙarshe da jan ulu na yi shi, kuma ƙafa ɗaya ce kawai take taka ƙasa.

Ranar jere muna cikin ɗakin amarya da mata, mun rataya shi ke nan, aka ce ga uban amarya. Ya ji cewa ni na yi ɗinkin, ya zo ya gani da idonsa kafin a kawo 'yarsa. Mata suka ja mayafi suka fice, suka bar ni. Gemunsa ya yi fari, ni ma ban san ya tsufa haka ba. Ya tsaya gaban zanen yana neman abin da zai ce a sauke, bai samu ba. Sai na ga idonsa ya sauka a kan sawun, ya bi su daga rijiya ya yi baya.

"Ina masu sawun?"

"Sun wuce."

Ya kai yatsa kan jan, ya bar shi a wurin.

"Wanga mai ƙahwa guda, ya samu ruwan kuwa?"

"Uwassu ta jira shi."

Ya gyara ƙusar gefe ɗaya da ta ɗan karkace, ya sa takalmansa ya fita.

Bayan bikin da 'yan makonni na ji sallamarsa a ƙofata a Tibiri. Ku ba ku nan, kai kana gareji, ke kina gidanki. Ya tsaya a waje kamar yadda ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna.

"Shina nan?"

"Shina nan."

"Ban sake magana ba hwa, Yaya."

"Ni ma ban sake ba. Dakata."

Na shiga na sauke zanen, na juya fuskarsa ga bango, na maida shi kan ƙusoshinsa, na ce ya shigo. A bayan ba ido, ba baki, ba sura, zare ne kawai da ƙulle-ƙulle, da wuraren da Inna ta yi kuskure ta koma. Ya tsaya ya duba. Ya sa yatsa a kan baƙin zaren tun daga farkonsa, ya bi shi a hankali, ya ratsa ta bayan fararen, har ya iso inda jan ulu ya taru.

"Ni niw warware mata wanga. Tirikon Baba ta. Tana ce mini in yi sannu kar shi tsinke."

Ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na yara, ni ma na taya shi. Da la'asar ta yi ya nemi buta, ya yi sallarsa a cikin ɗakin, ya daɗe yana yi wa Inna addu'a, ina bayansa ina cewa amin. Daga ranar, duk wata sai ya zo. In na ji tsayuwar babur ɗinsa sai in tashi in juya zanen, in ya tafi in maida shi. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ban taɓa cewa ya yi daidai ba. Fura muke sha, mu yi gardama a kan wanda Inna ta fi so. Ban gaya muku ba, don duk ranar da na ɗauko sunansa sai ku haɗe fuska, shi kuma ya ce in bar ku, yaro ba a yi masa dole. Ya tambaye ni kai, Abdu, a zuwansa na ƙarshe. Ya ce ya ji an ce hannunka yana da kyau a kan inji, yana so ya kawo maka babur ɗinsa amma yana jin nauyi.

Mariyama, akwai fili a ƙasan layina, naki ne. Ki sa abin da idonki ya gani, mai rai ko marar rai, wannan tsakaninki da Ubangijinki ne da abin da kika fahimta. Abu ɗaya na hana, kada reza ta kusanci layin Inna.

Kun tambaye ni me ya sa tun ranar da aka yi rasuwar zanen yake kallon bango, ko tsufa ne ya sa na rataya shi a juye. Ba tsufa ba ne. Da aka bugo mini waya aka ce Hamidu ya cika, kafin in nemi mayafi sai na ga na tashi na juya shi, kamar dai na ji tsayuwar babur. Ban maida shi ba, kuma ba zan maida ba. Ina marmarin ganin zabuwar Inna, kullum da hantsi sai na ɗaga kai in tarar da ƙulle-ƙulle. Amma kun san ni da abin da na sa kaina. Abdu, 'ya'yan kawunka suna nan a Dutsi, a gidan da aka haifi uwarka. Ranar da ka je ka yi musu gaisuwar ubansu da zuciya ɗaya, ka biyo ta nan, ka juya shi da hannunka.